Direban da Ya Raba Mana Waƙoƙinsa

Shekara tara ke nan da muka kai Vandi makwancinsa a gindin duwatsun Michika. Da damina ne, dawa ta kai ƙirji, kuma ina tuna cewa a hanyarmu ta dawowa Mubi babu wanda ya kunna komai a cikin mota. Mu da muka shafe shekaru muna roƙonsa ya rage mana ƙara, ranar nan shirun ne ya dame mu.

Ga masu karatun da ba su san shi ba, Vandi direban bas ne, ɗan ƙabilar Kamwe, Kirista, wanda ya yi jigila tsakanin Mubi da Michika tun ina saurayi har na yi furfura. Ni kuwa malamin makaranta ne. A Mubi aka haife ni, amma kakana daga ƙasar Katsina ya zo da fataucin fata, ya ga wuri ya zauna. Na daɗe ina koyarwa a wata sakandare da ke kan wannan hanya, saboda haka duk ƙarshen mako sai na shiga mota in zo gida, in sake shiga in koma. Ta haka na faɗa hannunsa. Ba wani babban mutum ba ne da za a sa wa titi sunansa. Amma idan ka tsayar da duk wanda ya manyanta a tasha ka ce masa "direban nan mai kiɗan rok", sai ya yi dariya tukuna kafin ya amsa maka.

Ranar da na fara shiga motarsa na samu kujerar gaba, ina ta murna. Muna fita gari ya tura kaset cikin rakoda, sai wata ƙara ta tashi kamar ana yankan kwanon rufi da zarto. Na riƙe ƙofa na ce, "Direba, motar nan lafiya kuwa?"

"Mota lafiya ƙalau, Malam," in ji shi. "Jita ne wannan."

"To wane laifi ta yi ake gana mata wannan azaba?"

Ya yi dariya har sai da motar ta ɗan karkace. Ya ce in yi haƙuri in jira, akwai wurin da komai zai tsaya cak sai ganga ita kaɗai, daga nan mai jitar zai dawo a hankali kamar mai neman sulhu. Na jira, don ba ni da wurin gudu. Wurin ya zo kuwa, yadda ya faɗa. Ya juyo yana kallona da fuskar wanda ya kawo maka abinci yana jiran ka kai loma. Na ce masa ya kalli gabansa. Ban ce ta yi daɗi ba, domin ba ta yi mini ba. Amma na lura cewa abin da na ɗauka hauka ne ashe yana da tsari, kuma mutumin nan ya san kowane lungu nasa.

Daga baya ya ba ni labarin yadda ya kamu. Lokacin da yake koyon kanikanci, akwai wani ɗan Ibo mai shagon kayan mota kusa da garejinsu, wanda ya zo da fayafayan samarin kudu na wancan zamani, masu tulin gashi da wando mai faɗin ƙafa, suna kaɗa jita kamar za su tsinke ta. Daga na gida Vandi ya wuce na Turawa. Wasu ya kamo su a rediyo, wasu 'yan kasuwa suka kawo masa daga Kamaru, wasu kuma ɗaliban kwalejin da ke shiga motarsa suka ba shi. Yawancinsu kwafin kwafi ne, babu suna babu hoto. Ga shi mawaƙan ihu suke yi. Ni kaina da nake koyarwa da Turanci, da ƙyar nake tsintar kalma ɗaya a baiti. Don haka ya raɗa wa kowace waƙa suna da kansa. Akwai "Tirela a Kan Tudu", wadda ke farawa da nauyi tana nishi kafin ta kama gudu. Akwai "Akuya a Rijiya", saboda muryar mai waƙar. Akwai wata mai sanyi da ya kira "Matar Ta Tafi", wadda ya fi sawa in hadari ya haɗu. Har fasinjoji suka haddace sunayen, ka ji tsohuwa daga kujerar baya tana cewa, "Vandi, cire mana akuyan nan."

Ni kuma a gidanmu aka gina kunnena: garaya, goge, kalangu, waƙar da za ka ji kowace kalma ka ɗauki darasi. Wata rana na ce yau sai na rama, na zo da kaset ɗin wani makaɗin garaya da mahaifina ke matuƙar so. Na yi zaton zai ƙi. Sai ya karɓa, ya sa, ya kasa kunne tun daga Mubi har garin Uba, abin da ban taɓa gani ba. Da muka tsaya sauke kaya ya ce, "Malam, wannan mutum ɗin namu ne. Ɗan rok ne, wuta ne kawai ba a ja masa ba." Na ce ya daina zagin dattijo. Ya ce shi a wurinsa babu yabon da ya wuce wannan. Gardamar da muka fara ranar nan ba mu gama ta ba har ya bar duniya. Ni ina cewa waƙa magana ce, in ba a ji abin da aka ce ba an yi asarar numfashi. Shi yana cewa ko saniya ce ta yi kuka, ai ka san ko yunwa take ji ko ɗanta take nema, ba sai ta iya Hausa ba.

Ya roƙi aron kaset ɗin nan ya kwafa, ni har na manta. Bayan wasu shekaru mahaifina ya rasu. Da aka gama zaman makoki na shiga motarsa zan koma bakin aiki, ya yi mini ta'aziyya a taƙaice, muka kama hanya. Can ya tura kaset, sai ga garayar nan. Ita muka saurara har muka isa. Ban taɓa gode masa da baki ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba.

Ba ni kaɗai ke ƙorafi a motar ba. Akwai Alhaji Bappa, Bafulatani dillalin shanu, wanda tun kafin ya zauna zai ce, "Vandi, yau kam ka bar aljanun nan naka su huta." Vandi ya ce to, ya kama masa labarai a rediyo har a wuce Mararraba, sannan a hankali ya mayar da nasa ƙasa-ƙasa. Abin da muka lura shi ne, ko da wasu motoci ne a gaba a layi, Alhaji Bappa sai ya ƙirƙiro uzurin da zai sa ya jira ta Vandi. Ya ce don Vandi ba ya gudu da mota ne. Gaskiya ne ba ya gudu, amma mun sha ganin yatsan Alhajin yana bugun sandarsa daidai da ganga. Akwai kuma Mama Saratu mai tuwo a tasha, jagorar waƙa a zumuntar matan cocinsu. Ita ta ce wannan kiɗa ba zai kai kowa sama ba. Amma in ana lodi aka sa "Matar Ta Tafi", sai ka gan ta tsaye da mara a hannu, mai sayen tuwo na jira, har sai an gama.

Kada in mai da shi waliyyi. Vandi yana da taurin kai. In aka iso tasha waƙa ba ta ƙare ba, sai ya yi ta neman wurin tsayawa da gangan, yana gaba yana baya, mu kuwa fitsari ya cika mana mara. Ya taɓa sa ni makara ranar da masu duba makarantu suka zo, duk don wani mai jita bai gama abin da yake yi ba. Matarsa, Maman Rahila, ta sha ba mu labarin cewa lokacin da yake nemanta, wasu samari na kawo turare da ɗankwali, shi kaset ya kawo. Ita kuma ta ɗauka fanko ne, ta kai coci ta naɗi gwajin waƙar Kirsimeti a kai. Ya yi fushin mako guda, sannan ya dawo da wani. Amma duk taurin kan nan, in aka kira salla, ko aka ɗauko marar lafiya, ko aka zo wucewa ta gidan rasuwa, kashewa yake ba sai an roƙe shi ba.

Babbar ɗabi'arsa, wadda saboda ita nake wannan rubutu, ita ce kyautar kaset. Yana da rakoda mai baki biyu a gidansa da ke unguwar Lokuwa a Mubi. Ranar Lahadi in an taso daga coci, sai ya zauna a gindin mangwaro yana kwafa. Ba kawai abin da shi ya fi so zai tura maka ba. Sai ya daɗe yana nazarinka, ya ga inda kake gyaɗa kai da inda kake tsaki, sannan ya haɗa maka naka. Kafin kowace waƙa kuma sai ya danna ya yi magana da bakinsa. Nawa ya kusa shekara kafin ya fito. Da na sa a gida, abin da na fara ji kukan zakara ne, sai muryarsa: "Malam Lawal, wannan naka ne. Kai mai son gardama ne, to ga jita da ganga suna gardama, ka raba su." Matata ta leƙo daga madafa tana tambaya ko baƙo muka yi. Da muka haɗu da Vandi ya tambaye ni yaya, na ce na ajiye a kan kabad, in na samu lokaci zan ji. Ya ce babu gaggawa.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai shiga motar haya ta yau. Kwanakin baya na je Michika biki, mota ta cika maƙil, kowa da wayarsa, kowa ya toshe kunnensa. Budurwar da ke kusa da ni tana ta murmushi ita kaɗai. Ban san me take ji ba, ita ma ba ta san ina wurin ba. Babu wanda ya yi wa direba tsawa, babu wanda ya ce a canja. Zaman lafiya ne, ban musa ba, kuma a zamanin Vandi na sha roƙon Allah ya kawo mana irinsa. Amma muka sauka ba wanda ya san sunan wani. A motar Vandi kuwa, kafin a kai Bazza an yi faɗa an shirya, an san wanda ɗansa ya ci jarrabawa da wadda za ta ganin likita, duk a dalilin an haɗu a kan direba ɗaya ana yi masa ca. 'Ya'yana sun ce yanzu wayar ce da kanta ke zaɓa maka waƙa, ta duba abin da ka saba ji ta ƙaro maka irinsa. Ina jin muryar Vandi a kunnena yana tambaya: to wa zai ba ka abin da ba ka san kana so ba?

Sai shekarar nan ta zo, wadda duk ɗan Mubi ya san ta ba sai an faɗi lamba ba, shekarar da 'yan bindiga suka shigo muka watse. Ba zan tsaya a kanta ba, kowa da nasa labarin. Vandi ya cika motarsa da mutane har bisa, ya yi Yola da su, bai ɗauki komai daga gida ba sai iyalinsa. Mu ta duwatsu muka bi da ƙafa muka shiga Kamaru, daga baya muka zagayo. Da gari ya lafa aka fara komowa, Vandi ya tarar an ƙone ɗakinsa na waje, inda akwatunan kaset suke. Abin da ya tara tun yana saurayi ya narke ya zama dunƙulen baƙar roba. Wanda ke cikin rakodar mota kuma tuni ya tsinke a hanya.

Mutane sun rasa 'yan uwa, shi ma ya rasa ƙaninsa a Michika, don haka bai taɓa buɗe baki ya yi kukan kaset ba. Kunya ma zai ji. Ya koma kan hanya, amma motar shiru. Ya rame, ya daina tsokana. In ka shiga, daga gaisuwa sai ƙarar taya. Alhaji Bappa ya ja ni gefe a tasha ya ce, "Malam, mutumin nan jikinsa ne kawai ya dawo."

Wata safiya Maman Rahila ta zo gidana. Bayan sun gaisa da matata ta ce da ni take son magana. "Malam, abokinka ba ya cin abinci. Tun da aka kawo ni gidansa nake faɗa da shi a kan ƙaran nan. Yanzu ni ce nake roƙo ya sa, sai ya ce me zai sa." Babban ɗana yana wurin, ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a ba shi sunayen waƙoƙin ya sauko da su a waya ya zuba masa a memori. Muka kalli juna ni da ita. Wane suna? Ya rubuta "Akuya a Rijiya" ya ga abin da zai fito?

Muna cikin dariyar da ba ta kai ciki ba, sai matata ta ce, "To ba ga naka can ba? Kuma ai ba kai kaɗai ya ba wa ba."

Wallahi tunanin bai taɓa zo mini ba. Ranar na fara daga tasha. Na gaya wa direbobi, na gaya wa Mama Saratu, ita ta kai maganar coci, ni na kai ta majalisarmu ta bayan la'asar. Na roƙi kowa kada Vandi ya ji. Ban sa rai sosai ba, domin wa ke ajiye kaset a zamanin memori, balle bayan an wawashe gidaje? Da yawa kuwa sun ce nasu ya tafi tare da katifa da tukwane. Amma sai ga su suna fitowa ɗaya-ɗaya. Wani malamin asibiti a Gella ya aiko da nasa cikin ledar magani. Wata da ta yi karatu a nan ta yi aure a Yola ta ba direba ya kawo. Wani fasto mai ritaya ya zo da kansa, nasa a naɗe cikin hankici, ya ce don Allah kada a tambaye shi yadda aka yi yake da shi. Wani makaniki a Mugulbu sai da ya kori kaji daga cikin wata matacciyar mota kafin ya zaro nasa. Mama Saratu a ƙasan akwati ta ciro nata, tsakanin zannuwan bikinta. Alhaji Bappa kuwa ya ce shi ba shi da komai, me zai yi da kiɗan aljanu. Na ƙyale shi.

Wata Lahadi bayan la'asar muka taru a gidan Vandi. Mangwaron ya sha wuta ta gefe ɗaya, amma yana nan tsaye. An aro rakoda wurin wani mai gyaran rediyo. Vandi ya fito da singileti yana mamakin taron, ya ɗauka ko rasuwa aka yi, ko an zo neman auren 'yarsa Rahila. Matarsa ta ajiye kwali a gabansa ta ce, "Baban Rahila, mutanenka ne suka dawo maka da kayanka." Ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya mayar. Har na fara tsoron ko mun fama masa ciwo ne. Sai na yi ta maza na ɗauki na Mama Saratu na sa. Aka ji shuuu irin na tsohon kaset, sai ga muryar Vandi ta shekarun baya, siririya, cike da iyayi: "Mama, wannan ba na coci ba ne, amma Allah ba zai yi fushi ba."

Wurin ya fashe da dariya. Mama Saratu ta rufe fuska da gyale. Vandi ya dafe kai ya ce, "Kai! Wane ne wannan yaro mai surutu haka?" Yana dariya hawaye na zuba, bai ko share ba.

Daga nan ba a iya tsayar da shi ba. Ya janye rakodar gabansa, duk kaset ɗin da ya ɗauka sai ya faɗi na wane ne da dalilin da ya sa ya zaɓa masa waɗannan waƙoƙi. Faston nan ya so ƙasa ta tsage ya shige. Wasu waƙoƙin sun maimaitu, wasu sun tafi ke nan, ya ce ba komai, suna cikin kansa. Da ya zo kan nawa, sautin ya fito yana rawa yana ja kamar mai jin barci. Ya ciro shi, ya ɗaga sama ya duba zaren, ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga kaset da aka ajiye a kan kabad ba a samu lokaci ba! Malam, wannan ya ci hanya ya fi tayan mota na." Na ce aikin ɓera ne. Ya ce lallai ɓeran gidana yana da kunne. Matata, da na ɗauka tana bayana, ta ce ai ba na iya gyaran takardun jarrabawa sai da shi.

Ana shirin tashi don magariba ta gabato, sai ga keke mai ƙafa uku ta tsaya a ƙofar gida, Alhaji Bappa ya fito. Ya yi sallama, ya ƙi zama, ya sa hannu a aljihun babbar riga ya ciro kaset, ya miƙa yana kallon wani wuri daban. Ya ce ranar gudu rigar da ke rataye kawai ya zara, sai da ya kai Kamaru ya ji wani abu na tokarinsa.

"To Alhaji," in ji Vandi, "me ya kai shi aljihu tun farko?"

"Ni dai na kawo," in ji Alhaji. "Kuma aro ne. A kwafa a mayar mini da abina."

A cikin duk kwalin nan, a nasa ne kaɗai aka samu "Tirela a Kan Tudu". Washegari tun ban ƙaraso tasha ba na jiyo ta tana nishi, na kuma jiyo fasinjoji suna ihun a rage. Ban taɓa jin ƙorafi mai daɗin wannan ba.

Bai kai shekara biyu bayan haka ba ciwon suga da hawan jini suka kwantar da shi. Na je duba shi a asibiti, ya yafito ni in matso, na ɗauka wasiyya zai yi. Sai ya raɗa mini cewa ma'aikaciyar jinyar nan mai yawan tsawa, ya gano irin waƙar da za ta dace da ita, in Allah ya tashe shi zai haɗa mata. Bai tashi ba.

Bara Rahila, wadda yanzu take aiki a Yola, ta zo hutu da wata manhaja a wayarta, wadda in ka kara ta a lasifika sai ta faɗa maka sunan waƙa da na mai ita. Muka zauna ni da ita da mahaifiyarta, muka bi kaset-kaset ɗin da suka rage da rai a cikin kwalin. Abin da ya gagare mu a wancan lokaci, waya ta yi shi kafin shayi ya huce. Na Turawa ta gane yawancinsu, na samarin kudu da dama ta ce ba ta san su ba. Rahila ta nemo kalmomin ta fassara mana. Ashe "Tirela a Kan Tudu" waƙar soyayya ce, wani ne ke magiya budurwa ta saurare shi. "Matar Ta Tafi" kuwa, wadda ta sha sa Mama Saratu share ido da bakin zane, babu mace ko ɗaya a cikinta. Mutum ne ke kewar garinsu. Maman Rahila ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da yana nan cewa zai yi mawaƙan ne ba su fahimci waƙarsu ba. Ni kuwa sai na ga tsohuwar gardamarmu ta karkata gefensa. Bai ji kalma ɗaya ba, amma ya ji cewa mai waƙar ya rasa wani abu, kuma bai yi kuskure ba.

Akwai kuma abin da na so a ce ya gani. An nuna mini bidiyon wasu Buzaye daga Nijar, da rawani da doguwar riga, riƙe da jitar lantarki, Turawa cike da fili suna tsalle a gabansu. In ka rufe ido, kiɗan kamar na ƙofar gidanmu ne aka ja masa wuta. Da Vandi na raye da ban isa in bi ta tasha ba. Zai dakatar da lodi ya tara jama'a su zama shaida.

To me ya rage? An sayar da motar, na ji ana ɗaukar gawayi da ita. Kaset-kaset suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, zafi na manne musu zare. Rahila ta kwashe abin da ya kwasu zuwa waya, har da muryar babanta. Alhaji Bappa shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Mama Saratu ta bar wa 'yarta tukunya. Ba zan yi muku ƙarya in ce na zama mai son rok ba, har gobe in aka ba ni zaɓi garaya zan ɗauka. Abin da na sani shi ne, a garin da aka sha ƙoƙarin raba mu gida-gida, wannan ɗan coci wannan ɗan masallaci, wannan ɗan dutse wannan ɗan baƙi, an yi wani mutum da ya ɗauki abin da ya fi so a duniya ya yi ta bin mu da shi, yana tunanin kowannenmu da sunansa. Namu kuma da muka miƙa masa bai raina ba.

Watan jiya 'yata Asma'u ta ɗauke ni a motarta za mu Yola ganin likitan ido. Ta sa irin kiɗan samarin yanzu, wanda na'ura ke lanƙwasa murya har ba ka gane mace ce ko namiji. Ta hango fuskata, ta kai hannu za ta kashe tana cewa, "Yi haƙuri Baba, na manta." Na ce ta bari. Na ce ta sake sa waƙar daga farko, ta gaya mini abin da take so a ciki. Ta dube ni kamar an canja mata uba. Sannan ta fara bayani, da ɗari-ɗari, can kuma har da kaɗa kai, har ta gaya mini cewa wannan waƙar ce ta riƙe ta a watannin da ta yi ɓarin cikinta na fari, lokacin da take ce mana lafiya lau a waya. Ban taɓa sanin ta sha wuya haka ba. Muka wuce Hong, muka wuce Gombi, tana sa wata bayan wata tana ba ni labarin kowace. Kiɗan dai har yanzu bai yi mini daɗi ba. Da muka isa ƙofar asibiti ta kashe mota, na ce mata in za mu koma ta ci gaba daga inda ta tsaya.